Kuɗin Fito a Sunduƙin Alhaji Balarabe

Alhaji Balarabe na unguwar Ranuna a Madina bai taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, amma daga Ƙuba har bakin Harami babu wanda ya kai shi sanin takarda. Da babban yatsa yake karanta ta. Ya murza gefenta, ya ɗaga ta sama, ya shinshina, nan take ya gaya maka ta hukuma ce ko ta ɗan damfara. Yana ɗan shekara tara ya baro ƙasar Kano a bayan iyayensa, a ƙafa, suka cinye shekara huɗu a hanya. Ya tsinci auduga a Sudan, ya sha ruwan da jaki ya ƙi sha, ya binne ƙannensa biyu a gefen hanya. Ya ga ƙarti masu alƙalami a aljihu an loda su a jirgi an mayar da su gida saboda wata 'yar takarda ta jiƙe rubutun ya wanke. Shi kuwa ga shi nan daram, da takardarsa ta ɗan ƙasa, da gidansa hawa biyu, da haƙora goma sha ɗaya nasa na kansa waɗanda ba likita ya dasa ba.

Ranar da injin taglif ya shigo Madina, wannan da ake sa takarda tsakanin leda biyu a gasa har ta manne, Alhaji ya ce an gama ƙirƙira a duniya, sauran duk wasa ne. Ya yi wa katin asibitinsa. Ya yi wa takardar aurensa da hoton mahaifiyarsa. Rasidin firijin da ya mutu tun tuni yana nan a cikin leda, yana walƙiya kamar jiya aka saye shi.

Abin da yake taƙama da shi duk bai kai amana ba. Shekara hamsin da uku mutane suna kawo masa ajiya, takardun gida, wasiyya, zinaren mata, fasfon alhazai. Kowa ya kawo tasa a ƙulle, a ambulan ko a ɗaure a ƙyalle, Alhaji ya jefa a sunduƙin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Yana kuma da ƙa'idarsa. Ba ya mayar da ajiya a ɗaki. Sai bayan la'asar, a kan mirkazi, dogon bencin da dattawa ke zama a ƙofar gidansa, a gaban shaidu. Mai kaya ya karɓa, ya ɗaga murya ya ce, "Na karɓa yadda na bayar." Wannan magana ita ce gonar Alhaji, ita ce rawaninsa. Ba a taɓa hana shi ita ba.

Sai ga surukinsa Walid, mijin autarsa Sundus. Injiniya ne, jikan mutanen Damagaram, haifaffen Madina, Hausarsa tana ɗingishi. An tura shi Amurka karatu, ya dawo da digiri da kuma wata cuta ta tara tsofaffin takardu. Za su ƙaura zuwa sabon gida a Aƙiƙ, leburori suna ta shiga da fita, shi ya sa ya zo wata Talata rungume da wani baƙin littafi kamar mai ɗauke da jariri.

"Ya ammi," in ji shi, wato baffa a bakin Larabawa, "amana na kawo. Kwana goma bas, ba ƙari."

"Me ke ciki?"

"Kuɗi ne. Ya'ani, tsofaffin kuɗi."

Alhaji ya gyara zama. Walid ya buɗe. Kowane shafi da aljihun leda, kowane aljihu da wata 'yar takarda launin ruwan shayi, wata ba ta kai tafin hannu ba. Guda ashirin da shida.

"Na wace gwamnati ne?"

"Ba na gwamnati ba ne, ya ammi. Na kamfanonin fito ne. A Amurka, wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, koguna ba gada, kuma silalla sun yi wuya. Sai kamfanin jirgin fito ya buga takardarsa, ya riƙa ba mutane canji da ita. Yau ka tsallaka ya ba ka, gobe ka dawo ka biya da ita, ko ka sayi burodi a bakin kogin. Ka ga wannan, kwabo shida da kwata ne na kuɗinsu."

"Da kwata! To jirgin yana nan?"

"Ya ruɓe."

"Mai jirgin fa?"

"Ya mutu, ya ammi, tun tuni."

"Kogin?"

"Kogin yana nan. An yi gada."

"To wa zai tsallakar da kai da ita, Injiniya?"

Walid ya yi murmushin surukai, ya duƙar da kai. Ya buɗe shafin ƙarshe a hankali. Takardar da ke nan ta fi duka tsufa, gefunanta sun zaizaye, ga hoton jirgi da dawakai biyu a tsakiya suna zagaye suna juya shi. Ya ce shekara goma sha biyu yana tara waɗannan, amma wannan ita ce uwarsu, guda uku kacal aka sani irinta, biyun suna wajen Turawa.

"Ni na tsallaka Shari a Kusuri," in ji Alhaji. "Na tsallaka Nilu. Na tsallaka Bahar Maliya a jirgin da awaki suka fi mutane yawa. Ba wanda ya ba ni takarda. Mai fiton Kusuri mari ya ba ni canji, don na jingina da jakarsa. Da na sani da na ajiye maka shi."

"Allah ya ƙara lafiya. Abu biyu kawai, ya ammi. Danshi ne maƙiyinsu, da hannun mutane. Kada ruwa ya taɓa, kada a dinga shafawa."

"Kai za ka koya mini takarda? Ubanka yana rarrafe nake ajiye takarda. Jeka abinka."

Kwana biyu littafin yana cikin sunduƙi. Da a ƙulle aka kawo shi da yana nan har yau. Amma an buɗe masa ya gani, kuma abin da ya gani ya hana shi jin daɗin gurasar tamis ɗinsa ta safe. Aljihun ledar nan duk bakinsu a buɗe yake. Iska tana shiga. Ruwa zai shiga. Kyankyaso ma in ya so ya shiga ya yi ƙwai ya fita. Yaro ya tsallaka teku ya yi karatu shekara shida, ya dawo bai san a rufe bakin leda ba. Kuma da bakinsa ya ce danshi da hannu. To me ke maganin danshi da hannu, in ba abin da kowane tsohon Madina ya sani ba?

Ran Alhamis da hantsi ya baje su a kan tabarma. Matarsa Hajiya Halimatu ta shigo da shayi ta tsaya.

"Alhaji, yaushe ka fara buɗe ajiyar mutane?"

"Wannan ba ajiya ba ce, majinyaciya ce. Ba ni dutsen guga."

"Ka kira yaron nan ka tambaye shi mana. Ga waya."

"In tambayi Walid? In ce masa me, ranka ya daɗe ka ba ni izini in yi maka alheri? Miƙo almakashi kuma."

"Ni dai na faɗa."

"Kin faɗa. Shekara sittin kina faɗa, ga mu nan ba mu mutu ba."

Aiki ya yi, ba wasa ba. Ya goge duk wani rubutun fensir da ya gani a bayansu, don wasu marasa tarbiyya sun yi ta rubuta lambobi a kan kuɗin mutane. Ya ɗora ƙyalle mai ɗan laima, ya bi da dutsen guga har kowace ta miƙe sambal. Sa hannun mai jirgi a kan biyu daga ciki ya ɗan bazu, amma ai mai sa hannun ba ya nan balle ya yi ƙorafi. Sannan almakashi. Duk wadda gefenta ya yi gashi ya daidaita mata. Mai dawakan nan ta fi wahalar da shi, don sai da ya ci kusan rabin yatsa ta kowane gefe kafin ta yi kusurwa huɗu irin na mutunci. Wutsiyar doki ɗaya dai tana nan.

Bayan azahar ya kai su maktabar Ashafa, shagon takardu da ke kan hanyar Ƙuba. Ashafa mutumin Abeshe ne, shekara ashirin yana yi wa Alhaji taglif. Ya juya takardun, ya dubi Alhaji ta saman tabarau.

"Ya Hajj, waɗannan kamar kayan tarihi. Mai su ya sani?"

"Mai su yaro ne."

"Na ji ana cewa irin waɗannan ba a..."

"Ka ji ana cewa. Ni gani na yi. Shekarar da kwarin Aƙiƙ ya kawo ruwa, kana ina? Kana Abeshe kana kiwon awaki. Sa leda mai kauri, ba irin wadda kake cutar 'yan makaranta da ita ba."

Injin ya yi zafi, ya fara haɗiye su ɗaya bayan ɗaya yana tofo su da sheƙi. Alhaji yana karɓa yana ƙwanƙwasawa a kan kanta, ƙwas, ƙwas. Yanzu kam sun zama kuɗi. Sai ya ga ba za su koma aljihunsu ba, sun yi faɗi. Ya ce Ashafa ya huda kowace a kusurwa, a zura su a babban zoben makulli, kada ɗaya ta ɓace. Uku daga ciki ledar ba ta bar fili ba, hudar ta shiga cikin takarda. Alhaji ya ce ba komai, wajen sama ne, babu rubutu.

Sauran kwanakin nan ya yi ta gaya wa dattawan mirkazi cewa su jira su ga aiki. Da ranar ta zo, benci ya cika. Ga Malam Jumare tsohon direban motar alhazai, ga Ashafa ya rufe shago ya zo, ga wasu uku da ƙamshin shayi ya kawo. Walid ya yi fakin, ya bar Sundus ta shiga wajen uwarta, ya zo ya sumbaci kan surukinsa.

Alhaji ya fara miƙa masa baƙin littafin. Walid ya ji shi sakayau, ya buɗe, wayam. Kafin ya yi magana Alhaji ya zura hannu a aljihun riga ya zaro zoben ya girgiza shi a sama. Suka yi ƙara kamar karta.

"Ga kuɗin fitonka. Ka kawo mini tsumma, na mayar maka da dukiya. Jumare, ba ni kofin nan."

Ya tsoma mai dawakan a cikin shayi, ya fito da ita, ya goge a hannun riga.

"Danshi! Ina danshin? Taɓa, Jumare. Kowa ya taɓa. Hannu dubu ma su zo."

Zoben ya zagaya benci, kowa na cewa mashallah. Da ya iso hannun Walid sai ya riƙe shi da hannu biyu. Ya ɗaga ta farko, ya ɗaga ta biyu. Ya kai kan mai dawakai ya tsaya. Jijiyar goshinsa ta tashi. Da wani ne ya yi masa haka da an ji su har Uhudu, amma uban matarsa ne, ga farin gemu, ga jama'a.

"Murna ta hana shi magana," in ji Alhaji. "To, Injiniya, ga shaidu. Faɗi."

"Na karɓa, ya ammi."

"Ƙarasa."

Walid ya dubi ƙasa. Alhaji ya ɗauka Hausar ce ta maƙale, ya taimaka masa a hankali kamar mai biya wa yaro karatu. "Yadda, na, bayar."

"Na karɓa," in ji Walid. "Allah ya ƙara girma." Ya miƙe ya tafi mota, ya shiga ya rufe gilashi, ya ɗora goshi a kan sitiyari.

Ashafa ya tuna yana da kwastoma. Jumare ya zuba ido a cikin kofinsa, wanda doki ya yi wanka a ciki.

Sundus ce ta fasa ƙwan, a falo, kafin magariba. Ita ba surukar kowa ba ce a gidan. Ta fara da Larabci kamar famfo ya fashe, sai da uwarta ta ce ta yi yadda tsoho zai ji da kyau, ta juya Hausa.

"Abuya, me ka yi? Wa ya sa ka? Masu tara irin wannan, tsufar suke nema! Gefen nan da ka yanke shi ake dubawa a san ta gaskiya ce. Fensir ɗin da ka goge, sunayen waɗanda suka riƙe ta ne tun kafin a haife ka. Taglif kuma ba ya fita, halas, ya shiga jikin takarda. Jiya Turawa suna rubuto masa suna roƙo ya aiko da hoton mai dawakai su sa a littafi. Yau ko kyauta ba mai karɓa."

"Wane mahaukaci ne ya fi son tsumma da sabo?"

"Mijina ne mahaukacin, abuya! Shekara goma sha biyu! Ko Khaibar bai taɓa kai ni shan iska ba, yana jiran gwanjo a waya. Na haƙura, na ce ai abin yana nan. Yanzu me ke nan? Makullin banɗakin masallaci!"

"Ni kike ɗaga wa murya? Ni da na tako daga Kano..."

"A ƙafa, na sani. Amana ya ba ka, abuya. Ce maka ya yi ka ajiye."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Hajiya Halimatu ba ta ce ta faɗa ba. Ta dai kwashe kofuna da ƙarar da ta fi ta kullum.

Washegari tun kafin Ashafa ya gama ɗaga ƙofar shago Alhaji yana tsaye. Ya kawo rasidin firiji, ya ce a gwada cire ledar a gani. Ashafa ya sa wuƙa a gefe, ya ɗaga a hankali. Rasidin ya rabu biyu, rubutu ya bi leda ɗaya, farar takarda ta bi ɗaya. Alhaji ya daɗe yana kallonsu.

"Injinka ne ba shi da kyau."

"Ya Hajj, kai ka ce mai kauri."

"In na ce kai ka matsa mini fa?"

Ashafa ya cire tabarau ya goge. "Ni baƙo ne, da iƙama, takardar izinin zama, nake zaune. In ka faɗa za a yarda. Amma ka san ni na sani."

Alhaji ya fita bai yi sallama ba. Kwana huɗu bai zauna a mirkazi ba, ya ce gwiwa ce. Yana kwance a kan gadon da sunduƙi ke ƙarƙashinsa yana lissafin hanyoyi. Zai iya aika Halimatu ta sa Sundus ta sa Walid ya zo ya ƙarasa maganar, kuma yaron zai zo, kunya za ta kawo shi. Amma duk bencin sun ga goshinsa a kan sitiyari. Maganar da aka matso daga bakin suruki, Jumare zai kai ta har Jidda yana dariya.

Rana ta biyar ya sa farar riga, ya fesa turare, ya fito bayan la'asar. Ya bari aka zuba shayi, sannan ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku shaida. Ajiyar Walid, ban mayar da ita yadda aka ba ni ba. Ni na buɗe, ni na yanka, ni na sa aka gasa. Ashafa ya yi magana na take shi."



"Ɗaya ke nan," in ji Alhaji, murya ta fara dawowa. "Ɗaya a shekara hamsin da uku. Ku nuna mini bankin da ya yi haka. Ku nuna mini ma mutumin da zai tsaya a ƙofar gidansa ya faɗi abin da na faɗa. Babu! An daina haifar irinmu. Kuma ko a yanzu, a jefa takardun nan a kwarin Aƙiƙ a jefa na Turawan, a ga na wa za su fito."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Jumare. "Allah ya saka da alheri. Namiji ke nan." Ya kurɓi shayi, ya yi gyaran murya. "Af, tunda ana maganar. Takardar gidana da na kawo maka, yaran suna son su ɗauki hotonta. Ba wani abu ba."

Alhaji ya dube shi. Shekara talatin da ɗaya ambulan ɗin Jumare yana cikin sunduƙi, yaran ba su taɓa son hoto ba. Ya shiga ciki, aka ji ƙarar ƙarfe a kan tayil, ya fito ya miƙa masa a ƙulle yadda ya zo, da zaren da komai.

Jumare bai faɗi maganar nan take ba. Ya sa haƙori ya tsinke zaren. Ya yage bakin ambulan, ya zaro takardar, ya buɗe ta, ya ɗaga ta a rana. Ya juya baya. Ya bi gefunanta da yatsa, duka huɗun. Har ya ɗan lanƙwasa kusurwa ya ga ko za ta lanƙwasu. Tunda Alhaji ya fara riƙon amana ba a taɓa duba kaya a gabansa ba, sai yau, kuma direban da shi ya koya wa hanyar Makka ne ya yi masa haka.

"Na karɓa yadda na bayar," in ji Jumare.

"Ƙirga kusurwoyin da kyau, ko na ci ɗaya."

"Haba, Alhaji."

A ƙarshen benci wani tsoho da zinaren matarsa ke ciki ya fara gyaran murya shi ma. Alhaji bai bari ya buɗe baki ba. Ya juya ya ƙwala kira cikin gida.

"Halimatu! Turo sunduƙin nan gaba ɗaya bakin ƙofa. Gwiwata ba za ta yi sawu goma ba."